Shirun Sa'idu a Kujerar Dama

Tun da na ajiye tuƙin jirgin sama na dawo gida Batsari, babu tambayar da ta gundure ni kamar wadda samarin unguwarmu suke yi mini idan na fito bakin shago bayan La'asar. "Kyaftin, wai da gaske ne jirgi shi yake tuƙa kansa, ku kuna zaune kuna shan shayi?" Wani har ya miƙo mini waya ya nuna mini wasan jirgi, wai shi kullum yana sauka a Jidda bai taɓa faɗuwa ba. Sannu da ƙoƙari, ɗan nan. Kai da babur ɗinka ko birki babu, da tafin silifa kake tsayar da shi.

To, ku buɗe kunne. Gaskiya ne akwai na'ura a gaban matuƙi, kuma ta fi mu iya riƙe hanya, ba ta gajiya, ba ta gyangyaɗi. Amma ba ta san dutse ba, ba ta san gari ba. Abin da yatsa ya danna mata shi kaɗai ta sani, kuma za ta bi shi da zuciya ɗaya ko da cikin tsauni ya nufa.

Ku kuna tsammani idan jirgi ya bar ƙasa sai ya yi sama kawai ya nufi inda ya ga dama. Ina! Kowane filin jirgi yana da hanyar fita da hukuma ta zana ta buga a taswira. Idan ka tashi daga wannan titin, ka miƙe sak har ka kai tsawo kaza, sannan ka juya hannu kaza, ka ratsa ta kan alama kaza, kada ka haura tsawo kaza domin akwai masu saukowa a samanka. Titi ɗaya ma baki biyu gare shi, kuma kowane baki da tasa hanyar. Mai tashi yana fuskantar gabas zai iya juyawa hagu lafiya lau, mai fuskantar yamma kuwa hagun nan ita ce ajalinsa. Duk waɗannan hanyoyi suna cikin na'ura a jere, kai ne za ka zaɓa.

Shi ya sa kafin a tada inji akwai abin da ba a tsallakewa. Mutum biyu ne a gaba, kyaftin a kujerar hagu, mataimaki a ta dama. Ɗaya zai riƙe taswira ya karanto da ƙarfi, ɗaya ya ɗora yatsa a gilashin na'ura yana bin layi bayan layi. Titi kaza, an gani. Juyi hannun dama, an gani. Tsawo kaza, an gani. In aka sami saɓani, a faɗa da baki, a tsaya, a gyara tare. Kuma ba a taɓa na'ura a ɓoye. Duk wanda zai canza wani abu sai ya furta, ɗan'uwansa ya duba ya amince, sannan a danna. Ni wannan bai zame mini baƙo ba. Mahaifina malamin allo ne a Safana, kuma a zaurensa komai kyan rubutunka ba ka fara biya allo sai ka kai an yi maka darasu, wani ido ya bi bayan naka.

Wanda ya koya mini aiki wani tsoho ne da ya fara tuƙi tun babu wannan na'ura, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsaki. A lokacin taswirori na takarda ne, cike da wata jakar fata mai nauyin tsiya, kuma mataimaki shi ne jakin ɗaukarta. Akwai filin da muke tashi safe da yamma, na haddace hanyarsa kamar hanyar gidanmu. Wata rana na fara karanto ta da ka, taswira tana rufe a cinyata. Ya bari sai da na gama, sannan ya ɗauki biro ya ƙwanƙwashe ni a bayan hannu, ya ce in buɗe in sake daga farko. Na buɗe, babu abin da ya canza, daidai na haddace. Ya ce, "Yau daidai ne. Ranar da za su canza ta ba za su aiko gidanku su gaya maka ba." Yanzu taswirar tana cikin wata faffaɗar waya kamar faranti, jaka ta tafi, amma karatun yana nan yadda yake.

Fasinja kuwa na ɗauki iri-iri. Alhazai su ne masu daɗin sha'ani, tsohuwa za ta tsaya a ƙofa ta yi ta sa maka albarka har sai an janye ta. 'Yan kasuwa su dai a kai su. Waɗanda suka fi haɗari manyan mutane ne masu hayar jirgi su kaɗai. Kana tsakiyar karatun taswira sai ka ji an leƙo, "Mai gida ya ce me ake jira?" Na sha cewa a gaya wa mai gida ana jiran ya isa da ransa ne. Sau da yawa hakan ya jawo mini ƙara a ofis, ban kuma damu ba. Duk kuskuren da na sani a wannan aiki, in ka bi sawunsa, za ka tarar akwai wani yana sauri.

Amma ba labarin sauri nake so in ba ku ba, labarin Sa'idu ne.

Mahaifinsa Alhaji Gide Bafulatani ne na Babban Duhu. Shi Alhaji Gide, yana yaro aka kawo shi karatu wurin mahaifina, ya girme ni kaɗan, tabarma ɗaya muka yi kwana. Da ya koma ga shanunsa zumunci bai yanke ba. Sa'idu ya taso yana ganina ina zuwa hutu da hular aiki, ya ƙwallafa rai sai ya zama matuƙi, ga shi kuma da kai. Alhaji Gide ya kaɗa shanu kasuwa, ya sake kaɗawa, har yaron ya gama makarantar tuƙi. Kamfanin da nake ya ɗauke shi da ƙoƙarinsa, ban sa baki ba. Hannunsa kuwa, wallahi ban ga mai laushinsa ba a cikin sa'o'insa. Zai sauke jirgi a iska mai ƙarfi fasinja ba su san an taɓa ƙasa ba.

Sai dai tarbiyyar ruga ya sha har ta kai masa ƙashi. Bai taɓa kiran sunana ba, Baffa yake cewa. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, ko a otal muka sauka sai ya ɗauki farantinsa ya ɓace. In ina magana idonsa yana ƙasa. A gida abin yabo ne, ni kaina na yi ta alfahari da shi a gaban abokan aiki.

Sai muguwar shekarar nan ta zo. Ku 'yan nan ba sai na tuna muku ba, kowa ya san abin da ya ci gidansu. Ɓarayin daji suka shiga Babban Duhu suka kore ragowar shanun Alhaji Gide, suka kashe ƙanensa a bakin garke. Iyalin suka kwaso abin da hannu zai ɗauka suka taho Safana, suka raɓe a gidan wani ɗan'uwa, manya da yara a ɗakuna biyu. A shekarar ce kuma harkar jirage ta durƙushe, jirage a ajiye an lulluɓe musu inji, ana ta sallamar matuƙa. Wanda ya rasa kujerarsa a lokacin ba shi da inda zai sami wata. Gero, magani, kuɗin makarantar ƙanne, abincin marayun da aka bari, duk daga kujerar daman nan ta Sa'idu suke fitowa.

A cikin damina abin ya faru, da rana tsaka, a wani fili na wata ƙasa maƙwabciya da ke zaune tsakanin duwatsu. Ba na cikin jirgin. Kyaftin ɗin wani dattijo ne, Bahaushe, sa'an mahaifin Sa'idu, gwani amma mai zafin rai. Sun gama shiri sun karanta taswira, sai iska ta juya, masu ba jirage umarni daga hasumiya suka ce su tashi ta ɗaya bakin titin. Ga hadari yana haɗowa, ga sun makara. Kyaftin ya canza titi a na'ura da sauri, amma hanyar fita da ya zaɓa ba ita aka ba su ba. Suna shiga gajimare na'ura ta kwantar da jirgi ta nufi dutse da mutane cike a baya. Akwai wata murya a jirgi da ke ihu idan ƙasa ta matso, ita ta ta da su. Kyaftin ya fizgo jirgin sama da duk ƙarfin injinan, suka wuce. Fasinja sun ɗauka gargadar iska ce.

Ina cikin waɗanda aka kira sauraron naɗin maganar da suka yi kafin tashi. Aka ji Sa'idu ya ce, "Ranka ya daɗe..." ya yi shiru. Kyaftin ya ce, "Mene ne kuma? An duba, mu tafi." Sai Sa'idu ya ce, "To, ranka ya daɗe." Innalillahi. Sauran mutanen ɗakin ba su gane ba, suna tambaya ko bai lura da kuskuren ba ne. Ni na san wannan "to" ɗin, da ita aka rene mu. Ya gani sarai.

Aka yi wa dattijon ritaya. Sa'idu aka ba shi dama guda: a sake horar da shi, a gwada shi, in ya faɗi ya tafi. Aka danƙa mini horon, wai ni na san harshensa.

Akwai wani ɗaki da muke kira simileta, kan jirgi ne sak aka ɗora a kan ƙafafun ƙarfe, yana motsi, tagoginsa suna nuna titi da gajimare da duwatsu. A ciki ake kashe matuƙi sau da yawa don kada ya mutu a waje. Na haɗa shi da samari sa'o'insa ina sa su yi kuskure da gangan. Kai! Kafin su ɗauke yatsa ya cafke su, har da faɗa. Da na zauna a hagu da kaina sai ya kasa gyara mini. Rannan na tsare shi a wajen ajiye motoci na ce, "Dube ni. Ce mini, Kyaftin ka yi kuskure."

Ya yi murmushi yana kallon takalminsa. "Haba Baffa."

"Ba wasa nake ba. Faɗi."

"Baffa, ai ba za ta fito a bakina ba."

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya har masu gadi suka waiwayo. Na ce masa a cikin ɗakin simileta ba ni da furfura, ba ni da abota da ubansa, ni wani mutum ne da zai iya kashe shi tare da mutanen da ke bayansa. Na ce kunyar da yake ji ta gida ce, ya cire ta tare da takalmin gida. Ya ce in sha Allahu. Kuma ya yi ƙoƙari, ba zan zalunce shi ba. Idan mu biyu ne kaɗai, ƙofa a rufe, ya san koyo ake yi, yakan faɗa da Turanci, a hankali, kamar mai haɗiyar maɗaci. Har na fara sa rai.

Da ranar gwaji ta matso na je wurin shugaban horo na roƙi a sa wani a kujerar hagu. Ya ƙi. Ya ce in yaron ya iya gyara mini, zai iya gyara wa kowa, in kuma bai iya ba gara a sani yanzu. Na haƙura, domin da ni ne a kujerarsa haka zan yanke.

Mai gwajin wata kyaftin ce daga kudu, ba ta san Sa'idu ba, ba ta san Safana ba. Ita za ta zauna a bayanmu tana kallo. Ta keɓe ni ta gaya mini rawar da zan taka: fili mai duwatsu, gajimare har ƙasa, in sa hanyar da ba ita ba a na'ura, in bayyana cewa hagu za mu juya alhali taswira dama ta ce, in kuma yi yadda kyaftin mai ji da kansa zai yi har ƙarshe. Abin da ake nema kalma ɗaya ce daga bakinsa.

Muka shiga, aka rufe ƙofa. Na danna hanyar ƙarya, na ce da murya mai ƙarfi, "Bayan tashi za mu juya hagu." Ya ɗauki taswira yana bi. Ina kallon yatsansa ta gefen ido, na ga inda ya tsaya cak. Ya daɗe a wurin. Ya ɗan waiga baya wajen matar, ya dawo da kai. Sai ya ce, "An duba."

Na ɗaga kai ina kunna maɓallan sama, sai na ji ƙas, ƙas, ƙas a gefena. Ya miƙa hannu a hankali ya cire hanyar da na sa, ya sa ta gaskiya, ya mayar da hannu kan cinya kamar ba shi ba. Ƙa'ida ta ce kafin a motsa kyaftin ya tambaya ko akwai mai magana, na tambaya, na ja tambayar yadda ban taɓa ja ba. Ya ce, "Babu, Kyaftin."

Na san abin da kuke shirin cewa: ai ya gyara, me ya rage? Ku tsaya ku ji. Yanzu na'ura ta san dama, mataimaki ya san dama, kyaftin kuma yana nan da hagu a kansa, kuma shi ne mai hannu a kan sitiyari. Muka tashi, muka shige gajimare, taga ta yi fari fat. Na'ura ta fara kwantar da jirgi dama. Kyaftin ɗin da ba a gaya wa komai ba me zai gani? Zai ga na'ura ta kauce daga abin da ya faɗa, zai kashe ta ya karɓa da hannu. Haka aka koya mana duka. Na ce da ƙarfi, don ya ji, "Na'ura ta kauce, na karɓa, ina juyawa hagu." Na juya a hankali iyakar yadda zan iya ba tare da na yi maguɗi ba. Har lokacin ƙofar tsira a buɗe take gare shi. Da ya ce "a'a" kawai, da ya tsira.

Hannunsa ya taso ya tsaya a iska kusa da sitiyari. Ya ce, ƙasa ƙasa, "Baffa..."

Muryar nan mai gargaɗin ƙasa ta matso ta fara ihu. Matar ta tsayar da komai, ɗakin ya daina motsi. Ta danna wani abu gajimaren ya yaye, sai ga dutse ya cika tagar gaba, har ana ganin bishiyoyin jikinsa.

Ta tambaye shi ko ya ga kuskuren tun a ƙasa. Ya ce ya gani. Ta ce to me ya hana shi magana? Ya ce, "Ban so in kunyata shi a gabanki ba." Ta dube ni, ba ta gane ba, ni kuwa ban yi mata bayani ba. Ta sa hannu a takardar cewa ya faɗi, na sa nawa a ƙasan nata. Ko yau aka dawo da ni ɗakin nan zan sake sa hannu, domin na san adadin kujerun da ke bayan ƙofar matuƙi. Amma na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Da muka fito shi ya ɗauko mini jakata har mota.

Ya nemi aiki ko'ina bai samu ba, lasin ɗinsa ya mutu a aljihu. Yanzu a-kori-kura yake ja tsakanin Safana da Runka, ya ɗauki buhuna da mutane a sama. Kun san hanyar, kun san abin da ake tararwa a kanta. In ya fita da safe uwarsa ba ta cin abinci sai ta ji ƙarar motar ta dawo.

Na daɗe ban iya zuwa Safana ba. Da na yi ritaya na ga babu makawa, na hau mota na je. Na tarar da Alhaji Gide a zauren aro, a kan buzu, ya rame, sandar kiwo jingine a bango babu abin korawa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na yi masa jajen abin da ya wuce. Sai ya ja carbi, sannan ya ce, "Lawal, yaron nan ya ƙi gaya mini abin da ya yi. Kullum sai ya ce ƙaddara. An ce kana wurin. Don zumuncin Malam, kada ka ɓoye mini."

Na gaya masa yadda zai gane. Na ce an sa ni na yi kuskure da gangan a gaban baƙuwa, don a ga ko zai faɗa mini na yi kuskure.

Ya ce, "Bai gane kuskuren ba?"

Na ce ya gane.

"Bai gyara ba?"

Na ce ya gyara, amma a ɓoye, bai buɗe baki ya faɗa ba.

"Wato bai yi maka musu ba. Bai ɗaga maka murya a gaban matar ba."

Na ce ko kaɗan.

Alhaji Gide ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya shafa fuska da hannu biyu. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wallahi tun da aka kore shi ban yi barcin kirki ba. Na ɗauka boko ya ɓata shi ya yi maka rashin kunya, shi ya sa ka daina zuwa."

Ya ɗaga murya ya yi kira cikin gida. Sa'idu ya fito, da alama dawowarsa ke nan daga Runka, riga duk baƙin mai, ɗauke da kwanon fura. Ya durƙusa ya ajiye a gabana ya gaishe ni, idonsa a ƙasa. Uban ya ɗora masa hannu a ka ya ce, "Baffanka ya gaya mini komai. Allah ya yi maka albarka, ba ka ba ni kunya ba."

Sa'idu ya ce amin. Ya miƙo mini ludayi.